Abuja Zuwa Jidda Awa Nawa Ne? Tambayar Da Nake Amsawa Kullum A Ofis

Duk wanda yake harkar yankan tikitin jirgi a Abuja zai gaya maka tambayoyi biyu ne suke cinye mana yawu, ta farko nawa ne, ta biyu awa nawa ne. Ta farkon ba ni da iko da ita, dala ce da kamfanonin jirage suke yanke ta, ka faɗi farashi da safe kafin la'asar ya canza. Ta biyun ce nake ganin nan ne ainihin aikina yake, don yanzu duk mai waya da data zai iya duba farashi da kansa, amma a zauna a lissafa maka tun daga lokacin da ka ja ƙofar gidanka a Kubwa ko Mararaba har zuwa lokacin da ka ajiye jaka a ɗakin otal a Makka, wannan sai wanda ya saba tura mutane kuma ya saba ɗaga wayarsu ƙarfe 2 na dare.

Ofishina ƙarami ne, shago ɗaya a saman wata filaza a Wuse. Ni ne, da ƙanwata da take kula da biza da fasfo, sai yaro ɗaya da yake raka fasinja filin jirgi ya tsaya musu har a auna kaya. Muna da 'yan kasuwa masu zuwa Guangzhou da Dubai, da masu zuwa asibiti Alƙahira ko Indiya, da ɗalibai jefi-jefi, amma gaskiya masu umra su ne suke riƙe da ofis ɗin, shi ya sa Abuja da Jidda su ne garuruwa biyun da na fi sanin tsakaninsu a duniya.

In aka ja layi miƙaƙƙe daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, nisan wajen kilomita 3,700 ne. Jirgin fasinja kuma in ya gama hawa ya daidaita, can wajen kilomita 10 zuwa 12 a sama, yana gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa. To ni lissafin da nake yi a ka, wanda na koya wa yaran ofis ma, shi ne ka raba nisan da 800 sai ka ɗora rabin awa. Na Jidda zai ba ka awa 5 da 'yan mintoci. Gwada shi da Legas, kilomita 500 da ɗan wani abu ne daga Abuja, zai ba ka awa 1 da minti 10, kuma kusan abin da za ka gani a tikiti ke nan. Gwada shi da Landan, wajen kilomita 4,800, zai ba ka awa 6 da rabi, haka British Airways take yi zuwa Heathrow. Ba lissafin matuƙa jirgi ba ne, su nasu da iska da nauyin kaya da mai duk a ciki, amma ya isa ka amsa wa kwastoma ba tare da ka yi masa ƙarya ba.

Rabin awan nan mutane suna tambaya ta ina ya fito. Lokacin da yake a rubuce a tikiti ba daga sanda taya ta bar ƙasa ake ƙirga shi ba, daga sanda jirgi ya motsa daga inda yake fake ne har sanda ya sake fakawa a can. Zai yi ta rarrafe zuwa titin tashi, wani lokaci ya jira layi, ya hau a hankali, in ya kusa kuma ya rage gudu ya fara sauka tun da sauran nisa. Kamar motar Jos ce da ta yi lodi a cikin gari, kafin ta rabu da Nyanya da Mararaba ta samu titi ta miƙe an riga an ci lokaci. Shi ya sa gajeriyar tafiya take ba mutane mamaki, Abuja zuwa Kano bai kai kilomita 400 ba amma za a rubuta maka kusan awa guda, don kafin jirgin ya gama hawa an fara shirin sauka.

Wannan layi na Jidda da na ce, in ka ɗora shi a taswira za ka ga ya bi ta saman Borno, ya ratsa Chadi, ya shiga Sudan ta arewacin Darfur, ya tsallaka kogin Nilu sannan Bahar Maliya. Ni abin yana taɓa ni duk sanda na duba, don kusan hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna da raƙuma ke nan, tafiyar da take cin shekaru, a tsaya a yi noma ko ƙwadago a hanya a samu guzuri a ƙara gaba, wasu ma ba su ƙarasa ba suka zauna a Sudan, jikokinsu suna can har yau suna jin Hausa, ga garin Mai Wurno nan a bakin Nilu Shuɗi wanda mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa. Ita ce hanyar da yanzu ake shafewa tsakanin azahar da isha'i.

Amma layi miƙaƙƙe sai in sararin ƙasashen da ke ƙarƙashinsa a buɗe yake. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarsu, ana cikin goman ƙarshe na azumi, ga Hajji ya matso. Jiragen alhazai dole suka koma zagaye, tafiyar da ake yi a awa 4 zuwa 5 ta koma wajen awa 6 zuwa 7, kamfanonin suka nemi ƙarin kuɗi a kan kowane alhaji saboda man da za su ƙona, hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta yi ta zama da su kafin a daidaita. Ba a gama da wannan ba sai ga juyin mulkin Nijar a ƙarshen Yuli, a watan Agusta suka rufe nasu sararin kusan wata guda, jiragen Turai da suka saba sauko mana ta saman Aljeriya da Nijar su ma suka koma kewaye. A waɗancan watannin na daina faɗa wa kowa awa daga ka, sai na buɗe sistem na ga abin da kamfani ya rubuta na ranar. Nisan garuruwan yana nan yadda yake, hanyar ce ta tsawaita, kuma fasinja hanya yake zama a cikinta.

Duk wannan maganar jirgin kai tsaye ce, irin na alhazai da su Max Air da Flynas da Air Peace suke ɗiba. Yawancin tikitin umra da nake yanka daga Abuja kuwa sai an yada zango. Ethiopian ta Addis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira, Qatar ta Doha, Turkish ta Istanbul. A nan ne lissafi yake rikicewa. Ta Alƙahira, Abuja zuwa can wajen kilomita 3,400 ne sai kuma 1,200 zuwa Jidda, duka 4,600 da wani abu. Ta Addis kusan 3,500 sai 1,400, duka wajen 4,900. Ta Doha kuwa jirgin zai wuce Saudiyya gaba ɗaya ya kai ka kilomita 5,000 sannan ka dawo baya 1,300, ka haura 6,300 ke nan. Ta Istanbul sai ka yi arewa kilomita 4,200 ka sauko kudu 2,400, wajen 6,600. Wato mutum biyu su fito daga unguwa ɗaya za su masallaci ɗaya, ɗaya ya kusa ninka tafiyar ɗaya. Kuma ko wannan ba shi ne babban abin ba, zaman tiransit ne, wato jiran jirgi na biyu a filin da aka yada zango. Akwai mai awa 2, akwai mai awa 9, akwai wanda sai ka kwana. Tafiyar awa 5 a kan taswira tana iya zama awa 10, tana iya zama awa 20, duk a ƙarƙashin suna ɗaya, Abuja zuwa Jidda.

Ni a wajena tiransit mai kyau shi ne awa 3 zuwa 4. Ƙasa da awa 2 ba na so wa dattijo ko mai yara ko wanda bai taɓa fita ba, ko da sistem ta yarda ta sayar, don jirgin farko ya makara minti 40 kawai shi ke nan sai gudu a filin da ba ka sani ba, ga sake binciken jaka, ga neman get, kai ka samu shiga ma jakarka ba lallai ta samu ba. Fiye da awa 6 kuma gajiya ce, sai in kamfanin yana ba da otal, kuma wannan ma sai na tabbatar tikitin da na yanka yana cikin waɗanda ake ba wa, ba kowane ba ne.

Sai maganar agogo, wadda ta fi komai rikita mutane, har masu digiri. Duk lokacin da ke jikin tikiti agogon garin da abin zai faru ne. Saudiyya tana gabanmu da awa 2, haka Habasha da Turkiyya da Qatar. Dubai awa 3, Indiya awa 4 da rabi, Sin awa 7. Landan a lokacin sanyinsu muna gabansu da awa 1, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma agogonmu ɗaya. To a ce tikiti ya nuna tashi Abuja ƙarfe 1:30 na rana sauka Addis 8:30 na dare, mutum zai ƙirga da yatsa ya ce awa 7, alhali awa 5 ne. A dawowa ya ga tashi 9 na safe sauka 12 na rana ya ce kai ashe dawowa awa 3 ce kawai, alhali awa 5 ɗin ce dai. Akwai ɗan bambanci na gaske tsakanin zuwa da dawowa a wasu hanyoyin, saboda a can sama akwai iska mai ƙarfi da take kaɗawa daga yamma zuwa gabas, mai yin gabas tana tura shi mai yin yamma tana tare shi, amma wannan mintoci ne a hanyoyinmu, awoyin da suke ɓacewa ko suke ƙaruwa a takarda aikin agogo ne.

Masu tafiya da azumi su ne suke jin wannan a jikinsu. In ka yi gabas rana tana saurin faɗuwa, azuminka ya gajarta, in ka juyo yamma da rana kuma kana bin ta ne, sai ka ga magariba ta ƙi zuwa. Hukuncin shan ruwa da sallah a jirgi na malamai ne, ina ce wa kwastoma ya tambayi malaminsa kafin ya tafi, ni nawa in gaya masa a ina zai kasance lokacin kowace sallah, a sama ko a ƙasa, da ko filin da zai yada zango yana da masallaci a ciki.

Abin da ya fi sa ni fargaba shi ne jirgin tsakar dare. Tikiti ya ce Talata 00:40. Mutum ya karanta Talata sai ya ajiye a ransa daren Talata zai tafi, alhali daren Litinin ne ya kamata ya kasance a filin jirgi, da ƙarfe 12 ta buga Talata ta shiga, minti 40 jirgi ya ɗaga. Ya zo daren Talata jirginsa ya yi kwana guda da tafiya, kuma kamfani zai rubuta shi bai zo ba, ga tara, wani lokaci har tikitin dawowar ya mutu. Wallahi ba ƙaramin tashin hankali ba ne ka ga mutum ya tara kuɗin umra shekara da shekaru ya rasa jirgi a kan wannan. Shi ya sa duk mai irin wannan tikitin sai na kira shi da bakina, ba saƙo ba, in ce Alhaji ranka ya daɗe, Litinin bayan magariba za ka bar gida, ka manta da Talatar da ke jikin takarda, sai ya maimaita mini na ji sannan hankalina ya kwanta.

Kafin a kai ga sama ma akwai awoyin ƙasa. Filin jirgin Abuja wajen kilomita 40 ne daga tsakiyar gari, ka bi ta Siti Get ka wuce Lugbe, in titi a sake yake minti 40 ya isa, in ka faɗa lokacin tashi daga aiki kuma Lugbe kaɗai sai ta ci maka abin da ba ka zata ba. Na Gwagwalada da Kuje sun fi kowa sauƙi, na Karu da Nyanya da Mararaba da Masaka kuwa ina ƙara musu awa guda a kan duk abin da suka lissafa. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari da yake zuwa har filin ta Idu, wanda aka buɗe a 2018 aka sake farfaɗo da shi a 2024, yana da daɗi ga mai ƙaramar jaka amma ba na dogara da shi wa mai manyan akwatuna biyu da tsohuwa a hannu. Jirgin ƙasar waje ina so fasinjana ya kasance a filin awa 4 kafin tashi, don ana rufe kantar auna kaya wajen awa guda kafin lokaci, kuma kafin ka kai kantar akwai layin shiga, da binciken kaya, da masu duba katin rigakafi, bayanta ga shige da fice. Sannan Abuja ce, akwai ranar da za a tsayar da komai saboda jirgin manya zai tashi ko zai sauka, kowa ya jira.

Kwastomomina da yawa ba ma a Abuja suke ba. Ina da mutanen Jos sosai, don can na taso. Daga filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang zuwa na Abuja bai kai kilomita 200 ba a sama, amma kusan kowa mota yake biyowa, a sauko Hawan Kibo a bi Akwanga da Keffi, awa 4 zuwa 5 in Allah ya kiyaye hanya, sannan a ratsa Abuja daga wannan gefe zuwa wancan don filin yana can ɗaya ɓangaren. Ba na yarda mutumin Jos ya taso ranar tafiya. Ya zo ya kwana wajen 'yan'uwa ko a otal, kuɗin kwana ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da zai yi asara ba in taya ta fashe ko tirela ta faɗi ta tare hanya.

Haka masu zuwa da jirgin cikin gida daga Maiduguri ko Yola ko Sakkwato. Tikitinsu daban ne da na ƙasar waje, kamfanin waje babu ruwansa da abin da ya makarar da kai. Ga hazo daga Disamba zuwa Fabrairu, jirgi ba ya sauka in matuƙi ba ya gani, ga wasu filayen da ba a sauka da dare, in jirgi ya makara har rana ta faɗi sai gobe. Na taɓa samun wani bawan Allah da matarsa, ɗan kasuwa ne mai yawan uzuri, na roƙe shi ya zo kwana ɗaya kafin tafiya ya ce Malam ai awa ɗaya ce kawai, jirgin safe zan biyo, namu sai yamma. Wani kamfani na cikin gida ya ɗage jirgin safen zuwa rana, daga rana zuwa la'asar, suna zaune a can suna kirana ina kiran yarona da ke bakin kanta, har aka rufe. Mun samo musu kujera bayan kwana biyu amma da ƙarin kuɗi mai ciwo, ga otal ɗin Madina da aka riga aka biya yana ta cin kwana. Matar ta yi kuka a waya, ni ma ranar ban iya cin abinci ba. Awa ɗayar da ya faɗa gaskiya ce, ba ita kaɗai ce a cikin tafiyar ba.

Waɗanda suke cikin sana'ar a 2017 ba za su manta ba, lokacin da aka rufe filin Abuja mako 6 daga 8 ga Maris don gyaran titin jirgi aka mayar da komai Kaduna. Yawancin kamfanonin waje suka ƙi zuwa, Ethiopian ce ta yarda ta sauka a can. Kowane tikiti sai ka ɗora masa tafiyar Kaduna, ko a mota da rakiyar jami'an tsaro ko a jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa.

Ga mai umra akwai wani lissafin da ya fi duk waɗannan nauyi, shi ne miƙati, wato iyakar da ba a wucewa sai da harami. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, jirginsa zai zo daidai miƙati tun yana sama, ta wajen Yalamlam ko ta wajen Juhfa, ya danganta da inda jirgin ya ɓullo. Wasu jiragen suna sanarwa, wasu da Turanci da Larabci kawai, tsoho bai ji ba. Kuma jirgi yana cin wajen kilomita 14 a minti ɗaya. Wanda ya ce sai an yi sanarwa zai tashi ya ɗauko haraminsa ya bi layin banɗaki ya canza, kafin ya fito an wuce da nisa. Don haka ina gaya wa maza su sa harami a jakar hannu, kar su kuskura su sa shi a akwatin da za a auna, don akwatin ba za su sake ganinsa ba sai Jidda, su ɗaura a filin tiransit kafin su hau jirgi na biyu, niyya kuma yadda malaminsu ya koya musu. A nan ma tsawon tiransit yana shigowa, mai awa ɗaya da rabi ina zai samu sukunin alwala da canza kaya. Wanda kuma yake da hali ina ba shi shawara ya fara da Madina, ya sauka da kayansa na gida ya huta ya yi ziyara, ranar tafiya Makka ya ɗau harami a Zul Hulaifa, miƙatin Madina, hankali kwance. Jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018 yana haɗa Madina da Makka, kilomita 450, cikin awa 2 da rabi ko ƙasa da haka, a bas kuwa sai ka yi awa 5 zuwa 6.

In an sauka Jidda ma ba a iso ba tukuna. Layin shige da fice, jiran kaya, neman mota, sannan kusan kilomita 100 daga filin zuwa Harami. A azumi ina sa awa 3 zuwa 4 wa wannan ɓangaren kaɗai. In ka tattara duka, mutumin Abuja mai tiransit mai kyau daga ƙofar gida zuwa ɗakin otal yana cin awa 18 zuwa 20, mutumin Jos kuma kwana biyu ne cur.

A kan wannan ne muke yawan ja da 'ya'yan da suke biya wa iyaye. Yaro zai shigo da wayarsa ya nuna mini ya ce yallaɓai ga wani na gani ya fi naka sauƙi da dubu ɗari da wani abu. In duba in ga tiransit awa 13 ne, da dare, Hajiya kuma tana da ciwon suga da ciwon gwiwa, ba ta jin Turanci ba ta jin Larabci. Sai in juya masa kwamfutar in ce ɗan'uwa duba nan, Mama za ta sauka ƙarfe 9 na dare, jirginta na gaba sai 10 na safe, a kan kujerar ƙarfe cikin sanyin na'ura, wa zai nuna mata banɗaki, wa zai karanta mata allo in an canza get, maganinta da abincinta fa. Araha ba ta ado. Yawanci sai ka ga jikinsa ya yi sanyi ya ce a yanka mai kyaun. Wani kuma ba shi da ƙarin da gaske, ba rowa ba ce, to wannan sai mu zauna mu nemi wata rana ta tsakiyar mako, ko mu haɗa Hajiya da wasu fasinjojina masu tafiya rana ɗaya, in sa mata buƙatar keken guragu a bukin ɗin tikitinta tun daga nan, don masu tura keken su ne za su kai ta har bakin jirgi na biyu ba sai ta nemi hanya ba. Wasu iyayen suna ƙi, Hajiya ta ce ɗan nan ni da ƙafafuna, sai na ce ranki ya daɗe ki ajiye ƙafafun wa ɗawafi da Safa da Marwa, can ake buƙatarsu.

Ribar da ke cikin tikiti ba yawa gare ta ba, mutane ba sa yarda in na faɗa. Kamashon da kamfanonin jirage suke bayarwa da can ya zama ɗan kaɗan ko babu, mu ƙanana kuma da yawanmu ta hannun manyan ejan masu rajistar IATA, ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, muke fitar da tikiti, ɗan abin da muka ɗora na aiki shi ne namu, a ciki za a biya haya da data da man janareta da albashin yara. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuɗin tikiti ya yi tsalle, jarin da da yake yanka tikiti goma yanzu da ƙyar ya yanka huɗu. Bukin, wato riƙe kujera, kuma yana da wa'adi, in kwastoma bai turo kuɗi ba kafin lokacin sistem ta sake kujerar, ka dawo ka tarar mai arahar ta ƙare. Duk wannan yana tura ejan ya sayar da abin da ya fi saurin shiga, ya ce awa 5 ne kawai Alhaji, ya karɓi alat ya wuce. Ni ina ganin wannan cin amana ne ko da babu ƙarya a cikin lambar, don mutumin da ya ba ka fasfonsa da kuɗinsa ya ba ka ne saboda bai san hanyar ba.

Shi ya sa kowane fasinja nawa bayan tikiti yana tafiya da wata takarda guda da muke bugawa da Hausa, da manyan baƙaƙe, mu tura kwafinta ta WhatsApp wa ɗansa ko 'yarsa. A ciki akwai ranar da ƙarfe nawa zai bar gida, ƙarfe nawa za a rufe kanta, awa nawa zai yi a jirgi na farko, da ya sauka ya matsar da agogonsa gaba da awa kaza, awa nawa zai zauna, a ina zai ɗaura harami, lambar direban da zai ɗauke shi a can. A bayanta kuma na dawowa, don shi ma yana da nasa, a bar Makka aƙalla awa 6 kafin tashin jirgi, a tabbatar wane tamina ne, wato wane ginin tashi, a filin Jidda don ba ɗaya ba ne kuma akwai tazara tsakaninsu, ruwan zamzam lita 5 a kwalinsa da aka rufe in kamfanin yana ɗauka, kayan tsaraba kar akwati ya wuce kilo 23 in haka tikitin ya ce. A ƙasa muna rubuta lokacin sauka da agogon Najeriya, sai mu ƙara awa ɗaya da rabi na shige da fice da jiran kaya da kwastan, mu ce wa 'yan tarba wannan ne lokacin da za su tsaya a bakin ƙofa.